Audi Mai Azara da Namijin Giginya na Ƙarshe

Wanda ya shiga tsofaffin gidajen Daura, bango yake fara gani: jar ƙasa mai kauri, sanyi na fita daga jikinta ko da rana ta take. Ba kowa ke ɗaga kai ba. Audi kuwa, tun yana ƙarami, in ya shiga zaure sai ya ɗaga kai kafin ya ida sallama. Can sama azara take, baƙa wuluk, a jere kamar haƙarƙari, tana ɗauke da ƙasar rufi da duk ruwan da Allah zai saukar a kanta. Yakan ce magina sun cinye sunan birnin nan su kaɗai, alhali giginya ce ta ɗauki Daura a ka tun ba a haifi kakan kowa ba.

An haife shi a Kwarin Giginya, wani ɗan ƙauye a ƙasar Baure. Ubansa Nagoggo mai azara ne, kakansa ma haka. A zamanin ƙuruciyarsa kwarin cike yake da giginya. In iska ta taso da yamma, ganyenta kan yi ta kaɗawa kamar ana tafi a gidan biki, har mutum ba ya jin kiran ɗan'uwansa daga gona zuwa gona.

Sana'ar tana da ƙa'ida guda wadda ake sa wa mutum a kunne kafin a sa masa gatari a hannu: ba a saran mace. Giginya akwai mace, akwai namiji. Mace ita ke 'ya'ya. Mata su tsinto, yara su sha, a binne ƙwallon da damina, in sanyi ya shigo a tone muruci a dafa a kai kasuwa. Namiji ba ya haifar komai sai wani fure mai kama da igiya, ya bushe ya zubo. Amma jikinsa ne baƙi mai tauri, wanda gara ke gwada haƙori a kai ta koma da kunya. Don haka tun kaka da kakanni aka raba kwarin biyu: matan giginya na matan gari, mazanta na masu gatari. Nagoggo ya taɓa wanka wa ƙanensa mari a gaban jama'a don kawai ya jingina gatari a jikin mace yana hutawa. Audi yana wurin, bai kuma manta ba. Har ya tsufa, babban abin da yake tinƙaho da shi ke nan: hannunsa bai taɓa zubar da mace ba.

Ya koyi sauran aikin a hankali. In an kayar da namiji, daga gindi ake aunawa zuwa inda cikinsa ya kumbura. Abin da ke ƙasa da kumburin ƙarfe ne, abin da ke sama soso ne, sai dai a ba mata su hura wuta. A kafa ƙarafa a jere a jikin gangar, a yi ta dukansu da guduma har ta yi ƙara ta buɗe. A sake tsagawa, a ƙwaƙule farin cikin mai laushi, a gyara gefe da gizago. Giginya kuwa ba ta mutuwa ba ta rama ba. Jikinta cike yake da baƙaƙen zaruruwa masu tsini kamar allura, su shige fata su karye a ciki. Har yau in Audi ya buɗe tafin hannunsa za ka ga ɗigo-ɗigon baƙi, kamar an yayyafa masa tawada ta ƙi fita.

Da jakuna suke kai kaya Daura, azara na ja a ƙasa tana zana hanya a bayansu. Lokacin ana cinikin gyaɗa, duk wanda hannunsa ya ɗan yi maiƙo sai ya rushe ɗakin kara ya ta da soro. Malamai na son zaure, 'yan kasuwa na son bene, kowace unguwa na son masallacinta. Magina kan tare su tun a bakin gari, suna ƙwanƙwasa azara da ɗan yatsa suna sauraren muryarta. Birni ya yi ta faɗi, kwari ya yi ta sarari. Na kusa suka fara ƙarewa, aka koma na nesa. Da na nesa suka yi wuya, raƙuma suka riƙa shigo da ita ta Kongolam daga ƙetaren iyaka. Babu wanda ya ga laifi a ciki. Maza ake sara, kamar yadda aka gada, mata kuwa ga su nan tsaye ba wanda ya taɓa su.

Sai katako ya zo. Manyan motoci suka fara sauke shi daga kurmi, fari, miƙaƙƙe, mara nauyi, ƙusa na shigarsa kamar tana shiga sabulu. Azara ba ta karɓar ƙusa, sai dai a binne kanta a bango a ɗaure ta. Katako ya zo da abokinsa kwano, su biyun suka zo da kafinta, magini ya koma gefe yana kallo. 'Yan katako suka kafa rumfuna da injin yanka mai kuka tun safe, unguwanni sababbi suka tashi a bayan gari suna ƙyalli da rana. Wanda ya kwana ƙarƙashin kwano da bazara ya san abin da ya rasa, amma ba mai komawa. Audi ya je ya ga injin da idonsa. Ya ɗauki wani falle ya shinshina, ya danna shi da farce, farcen ya shiga. Ya ajiye ya kama hanyar gida.

Daga nan ya koma ga gero da wake, sai ɗan gyaran rufi jefi-jefi in wani tsoho ya ƙi rabuwa da soronsa. Gonar ba ta kai su shekara. Abin da ke cike giɓin shi ne murucin matarsa Murjanatu. Ita ce ke da matan giginyar da ke gefen gonar, ta gaje su daga uwar mijinta. Tukunyarta ba ta sauka daga murhu duk tsawon sanyi, ana zuwa sari daga Baure har daga Dutsi. Da muruci aka yi wa 'yarsu Hasana kayan ɗaki. Da shi ake sayen gishiri da magani da sabulu. Audi ya san haka, ko da yake bai cika son a faɗa a gabansa ba.

A tsakiyar matan nan, ta ɓangaren da iska ke fitowa, akwai namiji guda. Shi kaɗai ya rage a kwarin duka. Yana ƙarami lokacin da ake rububin sara, Nagoggo kan ɗaure jakinsa a gindinsa, daga baya kuma kasuwa ta mutu aka manta da shi. Ya yi ta tsawo abinsa har ya fi kowa. Mutanen ƙauye suka sa masa suna Tuzuru. Audi kan tsaya da yamma ya buga jikinsa da tafin hannu, ya ji yadda yake amsawa, ya ce a ransa wannan ba na ƙaramin aiki ba ne.

Aikin ya zo da farkon wata bazara. Aka yi masa waya cewa Malam Mahdi na nemansa a Daura.

Malam Mahdi tsohon malami ne a cikin gari, magidanta ke zuwa ɗaukar karatu a zaurensa bayan asuba da bayan la'asar. Zauren kuwa Nagoggo ne ya kawo azararsa, Audi yana saurayi ya taya shi saukewa. Shi ne rufi mafi faɗi da gidansu ya taɓa ɗauka. Da Audi ya shiga ya ɗaga kai, sai ya ga ɓarna. Manyan azara biyu na tsakiya sun sunkuya, ɗaya ta tsage, an tokare ta da wani ƙarfe. Ruwan bara ne ya sami hanya ta inda indararo ya toshe, ya kwana a kansu.

"Ɗan Nagoggo," in ji Malam, yana zaune a kan buzu, "har yanzu rufi kake fara gaisarwa kafin masu gida?"

"Allah gafarta Malam, shi ya girme mu duka."

"Bai girme ni ba. Ina nan aka ɗora shi. To ga shi ya riga ni sunkuyawa."

Suhaibu, babban ɗan Malam, yana tsaye a bakin ƙofa da makullin babur a hannu. Mutum ne mai ladabi, malamin makaranta, bai iya ɗaga murya ba.

"Baba Audi, ni dai tsoro nake ji," ya ce. "Mutane na zama a ƙarƙashin nan. Na yi magana da kafinta, ya ce a sauke ƙasar duka a sa katako da kwano, kafin ruwa ya sauka an gama."

"A sa ni a cikin gwangwani kamar kifi," in ji Malam. "In ruwa ya zo ba mai jin karatu, in rana ta zo ba mai iya zama. A nan mahaifina ya karantar, a nan nake so a ɗauke ni." Ya juya ga Audi. "Na yi wa yaron nan alkawari. In an sami azara mai tsawon waɗannan kafin damina, Auta magini zai gyara. In ba a samu ba, na sakar masa. Akwai ko babu?"

Audi ya sake ɗaga kai. Ya ga sawun gizagon ubansa a jikin itacen, sara ɗaya bayan ɗaya, kamar jiya aka yi. Duk Daura, wuraren da za ka ga wannan sawun ba su fi a ƙirga da yatsu ba yanzu.

"Akwai, Allah gafarta Malam," ya ce.

Da ya koma gida ya tarar da Murjanatu tana tankaɗe a tsakar gida. Ya ba ta labari yana wanke ƙafa, kamar ba wani abu ba. Ta ajiye rariya.

"Tuzuru za ka sare, Malam?"

"Wa kuma ya rage? Ai ya daɗe yana cin ƙasa a banza, ko 'yar ƙwallo bai taɓa ba ki ba."

"Ku ne kuke ce masa Tuzuru. Ni ango nake ce masa."

Audi ya yi dariya. "To, amarya ta yi magana. Sadaki nawa ya biya?"

Ba ta yi dariyar ba. "Malam, ka dubi giginyoyin Talatu na can ƙarshen kwari. Yaushe rabon da su yi 'ya'yan kirki? Tun da aka sare mazan wajen suke zubar da ƙanana. Na gidan Liman ma haka. Yanzu duk matan garin nan wurina suke sayen ƙwallo. Nawa kaɗai ke yi, nawa kaɗai ne kuma ke kusa da shi. In ya yi fure, ka je da safe ka tsaya. Ƙudan zuma daga kansa suke tashi su faɗa kan matan."

"Ƙudan zuma ina ne ba sa zuwa? Har kan tallan alewa suna sauka. Itace ne fa, Murja, ba bunsuru ba."

"Ni ban yi karatu ba. Abin da idona ya gani nake faɗa."

"Ubana ya sari maza sun fi gashin kaina yawa, mata ba su fasa haihuwa ba."

"Lokacin akwai saura."

Audi ya shiga kawo dalilai. Ya ce ruwa ne ya ja baya, ya ce giginyoyin Talatu tsufa suka yi kamar mai su. Ya ce da akwai wani abu a jikin namiji ban da itace, da magabata sun faɗa, su da suka san kwarin nan kamar tafin hannunsu. Ƙa'ida ɗaya suka bari, shi kuwa bai taɓa karya ta ba, ba kuma yau zai karya ba.

Murjanatu ta ɗauki rariyarta. "Gonarka ce, gatarinka ne. Ban isa in hana ka ba. Amma ka sani tukunyar gidan nan a gindinsa take."

Ba za a ce Audi bai ji ba. Ya ji, don ya nemi wata mafita. Ya hau mota ya je kasuwar Dutsi, ya je Mai'aduwa, ya tsaya a Kongolam yana tambayar masu shigo da kaya. Wasu suka yi masa dariya, wasu suka ce can ƙetare ma ba a barin kowa ya sara yanzu. Ya bi gidajen da suka rushe a cikin Daura yana tona tsofaffin azara, duk gajeru ne, na ɗakunan kwana. Gabas kuwa ta fara haɗa gira da yamma. Malam Mahdi ya sake aikowa a tambaye shi ko yana nan a kan bakansa.

Ran da zai yi saran, ya fita da sassafe da maƙwabta biyu majiya ƙarfi. Murjanatu ba ta leƙo ba. Ta zuba gero a turmi ta kama daka, ba lokacin daka ba ne, ba kuma ta da bukatar garin. Tun daga gona Audi yana jin taɓaryarta, tana faɗuwa tsakanin saransa da saransa.

Tuzuru bai yi saurin ba da kai ba. Gatari na taɓa shi yana tsalle kamar ya sami dutse. Sai da rana ta ɗaga sosai sannan ya yi wata doguwar ƙara daga ciki, ya tsaya kamar yana shawara, ya tafi a hankali, ya faɗi tsakanin matan har ƙasa ta motsa. Tsattsewar da ke kwana a ganyensa suka tashi suka yi ta kewaya wurin da kansa yake a da, suna neman abin da ba ya nan. Can gida taɓarya ta yi shiru.

Da suka buɗe gangar, Audi ya manta da kowa. Bai taɓa ganin itace irin wannan ba, ko a hannun ubansa. Baƙi ne har kusan tsakiya, zaruruwansa a matse, ba rami ba tabo. Ya ƙwanƙwasa, ya amsa kamar ƙararrawa. Ya zauna a kansa yana shafawa, sababbin allurai na shiga tafinsa bai ji ba. A kwanakin da ya yi yana gyara da gizago yana juya azarar a rana, har waƙa aka ji yana yi ƙasa-ƙasa, wadda masu jakuna kan yi a hanyar Daura.

Auta magini, wanda shi ma gemunsa ya yi fari fat, ya ɗora su da taimakon ɗaliban Malam. Aka mayar da ƙasa, aka yi yaɓe, aka buɗe indararo. Malam Mahdi ya sa aka kama shi ya miƙe, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo.

"Ɗan Nagoggo, ka fi ubanka."

"A'a, Allah gafarta Malam. Itacen ne ya fi nasa."

"Guntayen nan da aka yanke, kada a kai su murhu. Suhaibu, ka ajiye mini. Akwai wani ɗan ɗaki da za a rufa mini nan gaba, ba shi da faɗi."

Aka yi dariya, ba don abin ya ba da dariya ba.

Damina ta sauka da ƙarfi a shekarar, zauren bai ɗiga ba. A kwari kuma matan giginya suka zubo da 'ya'ya jajaye masu ƙamshi, don sun riga sun ɗauka tun kafin sara. Audi ya tsinci ɗaya ya kawo gida ya ajiye a gaban matarsa.

"Ga saƙo daga zawarawanki. Sun ce a gaya miki suna lafiya."

Ta ɗauka ta juya shi a hannu. "Na bara ne wannan, Malam," ta ce, ta jefa shi cikin kwando.

Ta binne ƙwallayen kamar kullum. Da sanyi ya zo ta tone, ta dafa, aka zo aka saya. Sai dai ta bar wani layi guda can gefen gona ba ta tone ba. Audi ya gani, ya ɗauka ƙarfinta ne ya fara gazawa, bai tambaya ba.

Shekara ta juyo. Matan suka yi fure, ƙudan zuma suka zo suka yi ɗan shawagi suka watse. 'Ya'yan suka fito ƙanana, suka tsaya a haka, suka yanƙwane, suka riƙa zubowa ɗaya-ɗaya da rana tsaka. In ka fasa, ba komai a ciki. Audi ya ce iska ce ta yi yawa bana. Ya faɗa a masallaci, ya faɗa a gindin tsamiya inda dattawa ke zama, ba wanda ya musa masa, ba kuma wanda ya ce haka ne. Da shekara ta sake juyowa aka ga abin da aka gani bara, sai ya daina faɗa.

Babbar tukunyar muruci ta koma bayan ɗaki a kife, kaji na hawa kanta. Masu sari daga Baure suka zo suka koma, daga baya suka daina zuwa. Matan gari da ke sayen ƙwallo a wurin Murjanatu suka rasa na binnewa, gaisuwarsu ga Audi ta gajarce, daga "an wuni lafiya, ya gida, ya gona" ta koma "sannu" kawai. Gero ya riƙa ƙarewa tun kafin a yi shuka. Hasana ta fara aiko musu da ɗan abin da ta samu daga gidan mijinta, a ɓoye cikin ƙullin zane, Audi yana ci yana sanin daga inda ya fito. Murjanatu ta koma saƙar faifai, idonta kuwa ba ya gani sosai. Ba ta taɓa ce masa ai na faɗa maka ba. Da ta faɗa, da ya sami abin da zai yi wa faɗa ya huce. Sai dai ta kawo masa tuwo ta ajiye, ta ce "Bismillah, Malam," ta koma kan faifanta.

Ana cikin haka Malam Mahdi ya rasu. A zaurensa aka ɗauke shi, kamar yadda ya so. Audi ya je jana'iza, ya ga an fito da guntayen Tuzuru daga bayan ƙofa, aka jera su a kan ɗan ramin, aka toshe da ƙasa. Ya ce a ransa, ko ba komai wannan ya samu.

Bayan an yi arba'in da 'yan watanni Suhaibu ya kira shi. Da ya isa unguwar sai ya wuce gidan bai gane ba, ya dawo. Babu zaure. Fili ne, da tulin yashi da bulo a jere, wasu samari na haƙa tushe. Rana ta sauka har inda buzun Malam yake a da.

Suhaibu ya taho da sauri ya durƙusa. "Baba Audi, wallahi ba raini ba ne. Rufinku ko motsi bai yi ba, sai da aka sha wuya kafin a sauke shi. Bangon ne ya ci daga ƙasa, tun da maƙwabta suka yi siminti ruwansu ke kwanciya a gindinsa. Ga yaran unguwa ba su da ajin karatu. Na ce a yi azuzuwa, ladan ya je wa Malam."

"Ka yi daidai," in ji Audi. Ya ɗaga kai bisa al'ada, ba abin da ya gani sai sama.

"Ga azararka can, na hana a taɓa. Masu gidan burodi sun zo nema don hura wuta har sun gaji. Na ce mai ita yana raye."

Suna jingine a jikin katangar maƙwabta, dogaye, baƙaƙe, ko tsagin gashi babu. Da an bar su, da sun ga jikokin Suhaibu da furfura. Audi ya tambaya ko akwai mai gini da ƙasa a unguwar da zai so su. Suhaibu ya ce babu ko ɗaya. Auta magini ma, in ji shi, ya kwanta ciwo tun bara.

A motar da ta kawo yashi aka kai masa su har bakin kwari, daga nan amalanken shanu ya ƙarasa da su. Murjanatu ta fito ta tsaya tana kallo ana saukewa.

"Ango ya dawo," in ji Audi. Ya so ya yi murmushi, fuskar ta ƙi.

Ta matsa ta shafa ɗaya da hannu. Sannan ta ɗauki mayafinta. "Zo ka gani, Malam."

Ta kai shi gefen gona, wurin layin nan da ba ta tone ba. Ya sha wucewa ta nan bai kula ba. Daga cikin ƙasa wasu ganyaye sun fito, ɗaya-ɗaya, tsayayyu kamar wuƙaƙe, ba su kai gwiwa ba. Ta kewaye su da ƙaya, amma ƙayar ta ruɓe, awaki sun sami hanya sun cinye kan wasu.

"'Ya'yan ƙarshe da ango ya bari ke nan," ta ce. "Da na tone su da mun ci, an wuce wurin."

Audi ya durƙusa da ƙyar. Ya taɓa ganye ɗaya da yatsa.

"Wanne ne namiji a ciki?"

"Wa ya sani? Kai ne mai azara."

"Ba a ganewa sai sun yi fure."

"To, sai sun yi."

Dukansu sun san abin da wannan ke nufi. Yarinyar da aka haifa yau sai ta yi aure ta yi goyo kafin giginya ta yi furen fari. Shi gwiwarsa ba ta kai shi masallaci sai da sanda, ita kuma zare ba ya shiga allura sai an sa mata.

Washegari ya fito da gatari da gizago. Ya kwantar da azarar da ta fi kowace kyau a duk rayuwarsa, wadda aka yi don ta haye zaure mai faɗi, ya auna ta da kamu, ya yanka ta gajeru-gajeru. Itacen ya yi ta tsalle da gatari kamar ran farko. Ya fiƙe kan kowane guntu, ya kafa su a kewayen layin kusa da kusa, yadda ko ɗan akuya ba zai zura kai ba. Gara ba za ta ci su ba, ruwa ba zai ruɓar da su ba. Za su daɗe a tsaye fiye da mai kafa su.

Yanzu a can yake wuni. In ka bi ta Kwarin Giginya da la'asar za ka same shi zaune a jikin shingen, tafin hannunsa a buɗe a kan gwiwa. Motocin katako na wucewa can kan titi zuwa Daura, ba ya juyawa ya dube su. Matan giginya na tsaye a bayansa, dogaye, ba wanda ya taɓa ɗora musu gatari, ba kuma ko ɗa guda a wuyansu. In iska ta taso sukan kaɗa ganye, amma sun yi kaɗan, tafin ba ya cika kwari. Jefi-jefi yakan ɗaga kai wajen da Tuzuru yake a da, ya daɗe, sannan ya sauke ido kan 'yan ganyayen da ke gabansa, yana dubansu ɗaya bayan ɗaya.